Filin Tambaya da Amsa: Likita Ya Ce Ina da Baifola, Ta Ina Zan Fara?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk a kan ciwo ɗaya suke, wanda likitoci ke kira baifola, wato ciwon hawa da faɗuwar yanayin zuciya. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba. Magungunan da muka ambata kuwa, mun ambace su ne don mai ciwo ya san abin da yake haɗiya da abin da zai tambayi likitansa. Kada kowa ya je kyamis ya saya wa kansa.

Assalamu alaikum. Shekarata 24. Watan jiya aka sallamo ni daga asibiti, bayan na yi kwana 9 ban runtsa ba, na rabar da jarin shagona, ina ta cewa zan buɗe kamfani a Dubai. Likita ya ce baifola ce. Yanzu ga ni garau. Wane irin ciwo ne wannan, kuma da me ya bambanta da ɗan canjin hali da kowa ke yi? Daga wani matashi a Kano.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Baifola ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke taɓa abin da ke daidaita barci, kuzari da yanayin zuciya. Ba kullum yake a tsaye ba. Yana zuwa ya tafi, kuma fuska biyu gare shi, hawa da faɗuwa. A tsakaninsu mutum yakan yi watanni ko shekaru lafiya lau, kamar yadda kake yanzu.

Abin da ya same ka shi ne hawa. Babbar alamarsa ita ce barci ya koma awa 2 ko 3 a dare, ko ya ɗauke gaba ɗaya, kuma mutum bai ji gajiya ba. Wannan ne ya raba shi da rashin barcin da aka sani, wanda mai shi ke wayar gari a galabaice yana neman inda zai kishingiɗa. Sai surutu ba birki, tunani na tsalle daga wannan zuwa wancan, mutum ya riƙa jin ya fi kowa basira, ya shiga ciniki ko kyauta ba lissafi, sha'awa ta ƙaru, fushi ya zo kusa. Idan ya yi tsanani wani yakan ji muryoyi, ko ya yarda cewa an ba shi wani saƙo na musamman ga duniya. Likita na kiransa cikakken hawa idan ya kai mako guda, ko kuma ya yi ƙarfin da sai an kwantar da mutum, ko da bai kai makon ba. Akwai ƙaramin hawa, na aƙalla kwana 4, wanda mutane ke lura ka canja amma bai hana ka harkokinka ba.

Faɗuwa kuma ita ce ciwon damuwa mai nauyi na aƙalla mako 2: jiki ya mutu, abin da ke faranta maka rai ya daina, barci ya yi yawa ko ya gagara, tunani ya yi nauyi, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Wanda ya taɓa yin cikakken hawa ko sau ɗaya ne, irin naka, yana da nau'i na ɗaya. Wanda ƙaramin hawa kawai yake yi tare da faɗuwa yana da nau'i na biyu.

Ka ga ke nan ma'aunin kwanaki ne da makonni. Mutumin da ya yi fushi da hantsi ya huce da la'asar ba baifola ke gare shi ba, duk da yadda matasa suka mayar da kalmar abin tsokana a Facebook. Kuma ba sabon ciwo ba ne. Likitan nan na Jamus, Emil Kraepelin, ya ware shi daga sauran cututtukan ƙwaƙwalwa tun 1899, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke da shi a 2019. Ya fi fara bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 25.

Abu ɗaya da muke so ka riƙe: fiye da mutum 9 cikin 10 da suka taɓa yin cikakken hawa sukan sake yin wani tashin ciwon. Don haka wannan lokacin da kake garau shi ne lokacin aiki, lokacin sanin maganinka da gane alamominka.

Shekara 6 ina shan maganin ciwon damuwa. Da aka ƙara min yawansa sai na yi kwanaki ina ɗinki har asuba, ina jin kamar in tashi sama. Wani likitan ya ce baifola ce nau'i na biyu, ya canja maganin. Likitan farko kuskure ya yi? Daga wata tela a Zariya.

'Yar'uwa, abin da ya faru da ke ya zama ruwan dare, kuma sau da yawa ba sakacin kowa ba ne. Mutum na zuwa asibiti ne lokacin da ya faɗi. Ba wanda ke kai ƙarar kwanakin da ya ji ƙarfi, ya gama ɗinkin mako guda a dare biyu. Likita kuwa abin da aka faɗa masa yake aiki da shi. Shi ya sa mutane da yawa ke yin fiye da shekara 5 kafin a gano ainihin ciwonsu, shi ya sa kuma muke cewa a tafi asibiti da wanda ake kwana gida ɗaya da shi, domin shi ke tuna abin da mai ciwo ya ɗauka lafiya ce.

Magungunan damuwa irin su amitiriftilin da fuluwoksetin, idan aka sha su su kaɗai ba tare da maganin daidaita yanayi ba, suna iya cilla mai baifola sama, ko su sa tashin ciwon ya riƙa zuwa a jere. Akwai wasu abubuwan da ke yin haka da ya kamata ki sani: deksametazon da firednisolon, waɗanda ake cusawa cikin haɗin ƙiba na sha-ka-fashe, da taramol, da wiwi. Haka nan idan tayirod, ƙwayar nan ta gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, ta yi aiki fiye da ƙima, alamominta na kama da hawa. Idan ba a taɓa yi miki gwajinta ba, ki nema.

An ɗora ni a kan litiyam, amma likita sai aike na yake yi gwajin jini, ga tsada. Dole ne? Daga wani magidanci a Sakkwato.

Dole ne, Malam, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin rashin sanin wannan yana kai mutum ga halaka.

Litiyam tsohon magani ne. Wani likita ɗan Ostireliya, John Cade, shi ya nuna amfaninsa a 1949, har yau kuma yana sahun gaba wajen hana ciwon dawowa, da rage haɗarin mutum ya kashe kansa. Matsalarsa ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke zama guba 'yar kaɗan ce. Abin da ake so a gani a jini shi ne 0.6 zuwa 1.0, yawanci ana tsayawa tsakanin 0.6 da 0.8. Daga 1.5 zuwa sama an shiga haɗari. Mutum biyu za su sha ƙwaya iri ɗaya sakamakonsu ya bambanta, saboda ƙodar kowa da saurin da take fitar da shi.

Ga yadda gwajin ke tafiya. Ana ɗaukar jinin awa 12 bayan shan na ƙarshe. Idan ka sha ƙarfe 9 na dare, a ɗauka ƙarfe 9 na safe, kuma idan kana da na safe kada ka sha sai an ɗauka. Wanda ya haɗiyi ƙwaya ya wuce ɗakin gwaji kai tsaye zai kawo lamba mai tsorata likita, a rage masa magani ba gaira ba dalili. Ana yin na farko kwana 5 zuwa 7 bayan farawa ko bayan canja adadi, a riƙa maimaitawa duk mako har lambar ta zauna, sannan duk wata 3 a shekarar farko, daga baya a kan iya mayar da shi duk wata 6. Gwajin ƙoda da na tayirod da na kalsiyam kuma duk wata 6. Ka ga tsadar ta farkon ce, tana raguwa. Ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da sakamako.

Ƙoda na ɗaukar litiyam kamar gishiri. Duk lokacin da jiki ya rasa ruwa ko gishiri, ƙoda sai ta riƙe gishiri, ta riƙe litiyam tare da shi, ya taru. A ƙasarmu abubuwan da ke jawo haka a bakin ƙofa suke: zafin watan Maris zuwa Mayu, aikin gona ko kasuwa cikin rana, zazzaɓin cizon sauro, amai da gudawa. Ka riƙa shan ruwa lita 2 zuwa 3 a yini, fiye da haka idan kana gumi. Kada ka yanke gishiri rana ɗaya don an ce yana kawo hawan jini, kada kuma ka tsiri shan kanwa da yawa, domin ita takan sa maganin ya fita da sauri ya kasa aiki. Yadda ka saba cin abincinka, ka ci gaba a haka. Goro da kofi ma haka, mai cin su da yawa idan ya daina kwatsam lambarsa na iya hawa.

Sai magungunan da ba sa ga maciji da shi. Na ciwon jiki irin su Brufen, Feldene, Cataflam da Voltaren suna ɗaga litiyam a jini, kuma su ne mai kyamis ke fara miƙowa idan ka ce bayanka na ciwo, har a cikin haɗin da ake ƙullawa a leda. Farasitamol ba shi da wannan matsalar. Na hawan jini ma akwai: masu sa fitsari irin su Moduretic, da lisinofiril, da losatan. Duk inda za a rubuta maka magani, ka fara da cewa kana shan litiyam.

Ɗan ƙishirwa, yawan fitsari da 'yar rawar yatsu abubuwa ne da aka saba gani. Alamomin guba daban suke: karkarwar hannu mai ƙarfi, amai ko gudawa, tangaɗi kamar mashayi, harshe ya harɗe, gani ya dushe, magagi ko ruɗewa. Idan ka ga haka kada ka sha na gaba, ka sha ruwa, a kai ka asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Idan kuma inda kake babu ɗakin gwajin da ke auna litiyam, ko kuɗin ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa likita ƙarara. Akwai wasu magungunan, irin su kwetiyafin da olanzafin, waɗanda nasu sa idon a kan ƙiba ne da sukari da kitsen jini. Canja magani ya fi shan litiyam a makance.

Wata 8 ke nan lafiyata ƙalau. Zan iya ajiye maganin? Daga wata ɗaliba a Maiduguri.

A'a, ƙanwata. Lafiyar da kike gani aikin maganin ce. Yanke shi kwatsam, musamman litiyam, yakan dawo da hawa cikin 'yan watanni, wani lokaci fiye da na farko. Idan akwai dalilin dainawa, likita ne zai riƙa ragewa sannu a hankali, cikin mako 4 zuwa wata 3. Idan ƙiba ko yawan barci ne ke damun ki, ki faɗa masa, ana iya mayar da shan maganin dare ko a canja shi. Mai shan lamotirijin kuma, wani maganin daidaita yanayi, ya kula: idan ya yi fiye da kwana 5 bai sha ba, kada ya koma kan adadinsa na da. Ana sake farawa ne daga ƙasa, domin hawa da sauri na iya kawo ƙuraje masu saɓule fata da baki.

Zan iya yin azumin Ramadan? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

Malam, amsar ta danganta da halin da kake ciki, kuma shawarar a yanke ta da likita wata 1 ko 2 kafin ganin wata. Azumi na taɓa abubuwa biyu da ciwon nan ya fi ji: ruwan jiki da tsarin barci. Wanda ya yi tashin ciwo a 'yan watannin baya, ko ake kan daidaita masa magani, ko yake da matsalar ƙoda, mu dai shawararmu ya jinkirta ya rama, kuma aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun ba marar lafiya wannan rangwamen.

Wanda ya daɗe lafiya kuma likita ya amince, a kan mayar masa da maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. Mai shan litiyam ya yi gwaji kafin azumi, ya sake a makon farko ko na biyu, ya kuma rarraba shan ruwansa cikin dare maimakon ya kwankwaɗa lokaci ɗaya. Barci ya kai awa 7 idan an haɗa na dare da na rana, a lokuta tsayayyu. Goman ƙarshe ita ce ta fi buƙatar kula. Idan ka ga kana tsayuwar dare har asuba, ka wuce makaranta ba ka jin barci, ga wani irin zumuɗi, kada ka ɗauka duk ƙarfin imani ne. Ka tambayi iyalinka yadda suke ganin ka.

Ina shan Epilim, an sa bikina bayan Sallah, kuma ina son haihuwa. Me zan yi? 'Ya'yana za su gada? Daga wata amarya a Kaduna.

Allah Ya sanya alheri, amarya. Ki ga likita yanzu, tun kafin biki. Epilim, wato balfurowet, shi ne mafi haɗari ga ɗan tayi a duk magungunan wannan ciwon. Kusan jariri 1 cikin 10 da aka yi cikinsa ana shan sa yakan zo da tawaya, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya ko tsagewar leɓe, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma sukan sami jinkirin magana ko na fahimta. Tawayar na faruwa ne a makonnin farko, kafin mace ta ma san tana da ciki. Amma kada ki ajiye shi da kanki yau. Likita zai sauya miki da wani a hankali, ya ba ki folik asid, ki kuma ɗan jinkirta ɗaukar ciki har sabon ya zauna. Mai shan Tegretol, wani maganin wannan ciwon, ta sani cewa yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da robar damtse, amma ba ya taɓa allurar wata 3 da robar mahaifa.

Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne mako 2 na farkon jego. Kusan mace 1 cikin 5 masu nau'i na ɗaya takan sami taɓin hankali mai tsanani bayan haihuwa, kuma rashin barci ne ke hura wutarsa. Ki duba yadda jegonmu yake: 'yan barka daga safe har dare, hidimar suna, ga jariri na farkawa. Tun kina da ciki ku shirya da angonki da mahaifiyarki wanda zai riƙa karɓar jaririn da dare ki sami awa 5 ko 6 a jere, a kuma taƙaita baƙi. Wankan ruwan zafi da kunun kanwa suna hargitsa lissafin litiyam, shi kansa kuma ba a cika son sa ga mai shayarwa ba. Duk wannan a tattauna shi kafin naƙuda.

Batun gado, gaskiya ne ciwon na bin jini. Amma idan ɗaya cikin iyaye ne ke da shi, kusan yara 9 cikin 10 ba sa samun sa. Shi kuma angon, muna ganin haƙƙinsa ne ya sani kafin ɗaurin aure, kuma zai fi kyau ki tafi da shi wajen likita ya ji bayani daga tushe.

Kawuna ya ce aljanu ne, a bar asibiti a kai ni gidan mari. Ni kuma ina tsoron ciwon ya dawo ban sani ba. Yaya zan gane yana tafe? Daga wani direba a Katsina.

Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan magani ba, ɗan'uwa, ka haɗa su. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne duka, ɗauri da sarƙa, hana abinci, ko a ce ka zubar da ƙwayoyinka. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa mai ciwo haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Ka roƙi kawu ya raka ka asibiti sau ɗaya, dattawa sukan sauko idan likita ya yi musu bayani da girmamawa.

Ciwon kuwa ba ya faɗowa daga sama, yakan aiko 'yan aike kwanaki kafin ya iso, kuma na kowa kusan iri ɗaya ne a kowane karo. Ka zauna da wanda ya ga tashinka na baya, ku tuna abin da ya fara canjawa. Wani yawan kiran waya ne cikin dare, wani sayayya, wani gudu da mota, wani wa'azi ga duk wanda ya gani. Ku rubuta uku ko huɗu. Sannan kowane dare ka rubuta abu uku a littafi: awa nawa ka yi barci, ka sha magani ko ba ka sha ba, da lambar yanayinka daga 1 zuwa 10, inda 5 ke nufin daidai. Minti ɗaya ya isa. Bayan wata 3 kai da likita za ku fara ganin zanen ciwonka a takarda.

Ka kafa wa kanka doka: dare 2 a jere barci bai kai awa 5 ba kuma ba ka ji gajiya ba, ka nemi asibiti a rana ta uku, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. Sana'arka na da ruwa a nan. Tuƙin dare da kwanan tasha na cikin manyan masu tayar da ciwon, don haka ka nemi layin da za ka riƙa kwana a gida, ka kwanta ka tashi a lokaci ɗaya kullum, ka kuma guji ƙwayoyin hana barci da ake tallatawa a tasha. Idan an canja maka magani yana sa ka gyangyaɗi, ka ajiye tuƙi har ya bi jikinka.

Tun kana lafiya ka zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, ka ba shi izini a gaban shaida cewa idan ya ga alamomin nan ya karɓi makullin mota da katin banki, ya kai ka asibiti ko kana gardama, domin mai hawa ba ya yarda ba shi da lafiya. Babbar shawara kuma, irin sayar da fili, ƙarin aure, saki ko barin aiki, kada ka zartar sai ta kwana 2 kuma mutum 2 sun ji ta.

Ɓangaren faɗuwa shi ya fi kisa, shi kuma aka fi yin shiru a kansa. Idan tunanin kashe kai ya zo maka, alamar ciwo ce kamar yadda zafin jiki yake alamar zazzaɓi, ka faɗa wa wani a ranar. Iyali kuma su tambaya kai tsaye, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. A kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da maganin feshi daga gidan, wani ya riƙe magungunan ya riƙa bayar da na kwana ɗaya-ɗaya, kada a bar mutum shi kaɗai, a tafi asibiti.

Wuraren da za a dosa: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. A Nijar akwai sashen a babban asibitin ƙasa na Yamai. Wanda ya yi nisa da waɗannan ya fara da babban asibitin da ke kusa da shi ya nemi takardar turawa, ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.